Batariya a Cikin Matmura

A gidanmu tun ina yaro aka san ni da fargaba. In na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa ta, in na yi alwala sai na tsaya tunanin ko ruwa ya kai gwiwar hannu. Yayana, wanda ya riƙe gidan bayan rasuwar babanmu, yakan ce da irina ne kakanninmu da suka taso daga yamma za su Makka, da har yau suna bakin garinsu suna sake ɗaurin kaya. Ba na jin haushi, don gaskiya ya faɗa.

Na fara neman abinci a gonakin Gadambaliya, ina bin tarakta, ina zuba mata mai, ina kakkaɓe mata ƙura. Daga baya na dawo cikin Gadarif, garinmu a nan gabashin Sudan, na kama tuƙin raksha, keken nan mai ƙafa uku da ke ɗaukar mutane. Da banzin, wato fetur, ya yi wuya, sai in yi kwana biyu a layin gidan mai in samu abin da ba zai kai ni la'asar ba. A shekarar da riɗinmu ya yi kyau, Yaya ya ji labarin an fara haɗa raksha mai batariya a Khartum, ba ta shan mai, kahraba, wato wutar lantarki, take ci kamar wayar hannu. Ya sayo guda, aka kawo ta a bayan lori, ya miƙa mini makullin a tsakar gida.

"Ga ta nan," ya ce. "Kai na ba wa, don na san ko ƙuda ya sauka a kanta sai ka tambaye shi daga ina yake."

Mutum ɗaya ne a garin ya san cikinta, wani usta, wato makaniki, mai gareji kusa da kasuwar hatsi, gajere, mai baƙar magana. Ranar da na kai masa ita ya ɗaga kujerar baya, ya nuna mini wani akwatin ƙarfe da ke kwance a ƙasa, nauyinsa ya haura rabin buhun dawa.

"Ya zol," ya ce, yadda Larabawan garin ke kiran mutum, "wannan ita ce rakshar. Sauran duk gwangwani ne da taya."

Ya shiga faɗa mini yadda ake zama da ita. Kada in jona ta da kahraba tana dawowa daga hanya da zafinta, in bari ta huce kamar tsawon shan jabana, gahawarmu ta nan. Kada in bari layukan da ke kan allo su sauka zuwa na ƙarshe. In kahraba ta fara wasa, fitila na dushewa tana haskawa, in zare waya. Kada in watsa mata ruwa yadda muke wanke tarakta a bakin tafki, tsumma ya isa. Kada in shiga ruwan da ya kai tsakiyar taya.

"In kuwa ka ga akwatin ya kumbura," in ji shi, "ko ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kamar alewa ta ƙone, fitar da ita nesa da duk abin da wuta ke ci. Wutarta ba irin ta ciyawa ba ce. Ko ƙasa ka tula mata ba ta mutuwa, da abincinta take tafe."

Na rubuta duka a bayan kwali da ɗan rubutuna na firamare, na rataye a ɗakina.

Na ji daɗin aikin nan, ba zan ɓoye ba. Babu hayaƙi, babu juyen baƙin mai, babu bugun inji da sanyin safiya. Ka murɗa makulli, allo ya kama, ka tafi. Shirunta ne kawai matsala. Awaki ba sa jin zuwanta, tsofaffi ma haka, har sai da na ɗaura mata ƙararrawa a gaba. In na tsaya a mahaɗa, fasinja sai ya taɓa kafaɗata ya ce, "Ya Hajj, ta mutu ne? In sauka in tura?" In ce masa a'a, numfashi take yi. Abin da take buƙata kaɗan ne: iskar taya, birki, da wayoyin da girgizar hanya ke kwancewa. Kowace Juma'a bayan masallaci nakan bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗaurewa.

Unguwarmu duk ɗakunan jinka ne da dangar kara. Wanda ya taɓa ganin gobara a irin wannan unguwa ya san ba kashe ta ake yi ba, gudu ake yi. Don haka na kafa wa raksha rumfar kwano a can kusurwar gida, a nan nake cika ta. Nakan zauna kusa da ita da tafin hannuna a kan akwatin har ta cika. Matata takan leƙo ta ce, "Malam, ko ranar da ɗanka ya yi zazzaɓi ba ka dafa shi haka ba."

A ƙarshen daminarta ta biyu a hannuna, wata mata ta tare ni da tsohon mahaifinta, numfashinsa na fita da ƙyar, za su asibiti. Hanya biyu ce: ta gada, mai nisa, ko ta kwarin da ruwa ke bi. Ruwan ya janye, kaɗan ya wuce idon sawu. Na tsaya ina dubawa. Matar ta ce, "Don Allah, ɗan'uwa, ba ka jin yadda yake ja?" Na shiga. Ruwa bai taɓa akwatin ba, amma akwai dutse a ƙasa da ban gani ba. Na ji dukan har cikin ƙashin bayana.

Tsohon ya kai asibiti, ya kuma tashi, na gan shi daga baya a kasuwa yana cinikin albasa. Ni kuwa da na koma gida na kwanta a ƙasa na leƙa, na ga lotsawa a gindin akwatin, kamar an danna babban yatsa a ƙullin kisra, wainar dawarmu. Raksha ta ci gaba da tafiya lafiya. Bayan wata guda na lura ba ta kai ni magariba kamar da. Na ɗora bayan wuƙa a kan murfin akwatin, sai na ga haske na wucewa ta gefe biyu. Tsakiyar ta taso. Ɗan kaɗan ne, wanda bai san ta ba ba zai gani ba.

Na san abin da ke rubuce a kwalina. Ban je wa usta ba, don na san abin da zai ce. Ban faɗa wa Yaya ba, don saboda kulawata ya ba ni ita, kuma ba a kwarin ya ce in riƙa bi da ita ba. Kullum sai in ce gobe.

Sai yaƙin da muke ji a rediyo ya matso. Ana cikin girbin dawa mutane suka fara shigowa daga jihar Jazira, wasu a lori, wasu a ƙafa. Gwaggonmu, ƙanwar babanmu, ta iso da 'ya'yanta mata biyu da jikoki bakwai, kayansu duka ƙullin zane uku. Duk wanda ya zo magana ɗaya yake faɗa: masu bindiga in sun shiga gida, makullin mota suke fara tambaya. Aka ce suna hanyar Fau, garin da ke tsakaninmu da Jazira. A gari mutane suka shiga kwance tayoyin motocinsu, wasu suna tula musu ciyawa.

Yaya ya kira ni bayan gida. "Raksha babu batariya gawa ce, ba mai ɗauka. Batariyar za mu ɓoye."

"A ina?"

"Inda Baba ya ɓoye awarwaron Inna da takardun gona shekarar da ɓarayi suka yi yawa."

Matmura yake nufi. Rami ne babanmu ya haƙa a kan tudu a bayan gida, zurfinsa ya fi tsayin mutum da hannu a sama. Ana shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙasa da gefe, a juye dawa har baki, a sake rufewa da ƙaiƙayi, a tara ƙasa a kai a daɓe. Dawa takan shekara biyu a ciki ba ta yi komai ba. Amma tana da doka: maigida ne kaɗai ke cewa a buɗe, kuma ba a buɗe ta da damina, don in laima ta shiga an yi asarar ramin gaba ɗaya. A wurinmu duk abin da ake tsoron ido ya gani, matmura ake kai shi. Wannan shekarar Yaya ya bar buhunan da za su kai mu ƙarshen damina a ɗaki, sauran duka ya ce rami. Ba man tarakta, ba wanda ya san ko za a yi noma. In ba a yi ba, abin da ke cikin ramin nan shi ne abincin gidansa da nawa da na Gwaggo har shekara ta zagayo.

Kwana ɗaya kafin a rufe, na cika batariyar taf, har layin ƙarshe. A tunanina abin da zai yi doguwar tafiya da cikakken ciki ake sallamarsa. Da safe na kashe makunnin, na kwance wayoyi, na naɗe bakinsu da robar tsohuwar taya. Muka rataya akwatin a sanda, ni da Yaya, muka kai bakin rami. An riga an zuba dawa har rabi. Yaya ya shafa murfin da tafin hannunsa, ya sake shafawa.

"Ya na ga kamar ta yi tumbi?"

"Haka take," na ce.

"To, kai ka san kayarka."

Muka naɗe ta a tamfol, muka zura ta tsakiyar dawa, inda ɓarawo zai gaji kafin ya kai. Aka ci gaba da juye buhuna. Ina tsaye ina kallo har tamfol ɗin ya ɓace. Aka zuba ƙaiƙayi, aka tara ƙasa, Yaya ya hau ya tattake ya yi addu'a, muka shafa.

Da zafi ya shigo na kasa daurewa, na tafi garejin usta. Na same shi yana liƙin taya, don aikin kahraba ya tsaya.

"Usta, wani ne ya ce in tambaye ka. In mutum zai ajiye batariya wata da watanni, yaya zai yi?"

"Ya bar ta rabi, ya sa ta a inuwa inda iska ke wucewa, ya riƙa dubawa."

"In ya cika ta taf fa?"

"Jaki ne."

"In kuma ta ɗan kumbura kafin nan?"

Ya ajiye tayar. "Wannan wanin naka, tsayinku ɗaya? Gemunku ɗaya? Ina ka sa ta?"

Na faɗa masa. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"A cikin ƙaiƙayi," ya ce. "Ya zol, ka ɗauki garwashi ka sa a rumbun 'ya'yanka."

"Za ta kama?"

"Wa ya sani? Wata takan shekara a kumbure ba ta yi komai ba. Wata ana shan shayi take tashi. Je ka tono ta yau, tun ƙasa na bushe."

Na kamo hanyar gida da niyyar faɗa. Kafin in isa aka ji wani abu ya fashe a can cikin gari, mutane na gudu suna nuna sama. Na tarar da Yaya a kan tudun matmura yana tattaka gefen da ya tsage, yana cewa, "Alhamdu lillahi da muka rufe da wuri. Ko sun zo, ƙasa za su gani." Na haɗiye maganar. Bayan mako biyu na koma gareji na tarar da kwaɗo a ƙofa, aka ce usta ya kwashi iyalinsa sun yi wajen Basunda, can bakin iyakar Habasha.

Watannin zafi su ne lokacin da za a iya buɗe rami ba a yi asarar ko tsaba ɗaya ba. Ina kallo suka wuce.

Abin da na yi a maimakon magana shi ne gadi. Bayan sallar asuba in je in ɗora hannu a kan tudun, da azahar in koma, da la'asar in sake komawa. Amma baƙar ƙasarmu da bazara ko'ina zafi take yi. Sai in dafa tudun, in yi taku goma in dafa ƙasa, in dawo, har in rasa wanne ya fi. Manoma kan soka dogon ƙarfe cikin matmura su zaro su shinshina bakinsa, su san lafiyar hatsi. Ni ma na soka, amma a gefe-gefe, don tsoron kada in huda akwatin. Ƙamshin dawa kawai nake ji. Ƙasa ta tsattsage yadda ta saba, ni kuwa in durƙusa in sa hanci a kowace tsaga. Wata rana na rantse na ji zaƙi-zaƙin nan da usta ya faɗa, ashe maƙwabciya ce ke ƙona sukari a kan garwashi.

Tudun nan shi ne wuri mafi tsayi a gidan, don haka jikokin Gwaggo a nan suke wasa, mata kuma a nan suke shanya. Na shiga korarsu. Wata rana na daka wa 'yar ƙaramarsu tsawa har ta faɗi ta kurje gwiwa. Da yamma Gwaggo ta kira ni, ta ba ni gefen tabarma.

"Ɗana," ta ce, "mun san mun yi muku yawa. Amma yaran nan da yatsa ba za su tone rami ba. Ba za mu cinye muku ba, in Allah Ya so komawa za mu yi."

Na ce ba haka ba ne, Gwaggo. Ta ce to yaya ne. Na tashi na bar mata tabarmar. Daga ranar 'ya'yanta suka rage abin da suke ɗiba a akushi, ina gani.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Ƙasa ta rufe tsagarta ta zama laka mai kama ƙafa. Safiyar da ta biyo ruwa na uku na je tudun, ko'ina jiƙe sharkaf, sai a tsakiyar sama akwai wuri mai faɗin faranti da ya bushe, ya yi fari-fari. Na ce wa kaina ai tudu ne, dole shi zai fara bushewa. Na ɗora hannu. Ko da ɗumi ko babu, wallahi har yau ba zan iya rantsewa ba. Na zauna a wurin cikin laka. A nan matata ta same ni.

"Malam, wata biyar ke nan kana zagayen ramin nan kamar an binne maka wani a ciki. Gwaggo na kuka a ɗaki, kai kana nan kana shafa ƙasa. Mene ne a ciki?"

Na faɗa mata tun daga dutsen kwari. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta dubi tudun, ta dubi jinkar ɗakin Gwaggo da ke taku kaɗan daga wurin.

"Yaya na rumfa," ta ce. "Ko ka je da ƙafarka, ko in je da tawa."

Yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya, don a shekarar da hannu muka shuka ɗan abin da muka iya. Na durƙusa na faɗa masa. Bai ɗago ba, ya ci gaba da buga ƙusa har ta shige.

"Ranar da na shafa na tambaye ka, ka sani?"

"Na sani, Yaya."

"Lokacin zafi, da ƙasa ke bushe kamar ƙashi, ka sani?"

"Na sani."

"Ka san watan da muke ciki? In mun bar ta, za ta kama?"

"Ban sani ba. Usta ma ya ce bai sani ba."

"In mun buɗe, ruwa zai shiga?"

"Wannan kam zai iya."

"Zai iya," ya maimaita. Ya ɗaga kai ya dubi sama. Garau take, sai ɗan gajimare a gabas kamar tafin hannu. "Ni da na ce ko ƙuda ba zai wuce ka ba. Ashe ƙudan kake gani, giwa kuwa ka ɗauke kai. Ɗauko shebur. Ka ce wa mata su fito da duk tabarma da kwano da ke gidan nan."

Aikin da da rani awa ɗaya ke gamawa, sai da muka kai azahar. Laka na manne wa shebur, sai an sa ƙafa an kankare. Da muka yaye ƙaiƙayi dawa ta bayyana, fara tas, ta bushe kamar ranar da aka zuba ta. Yaya ya ɗebi tafi guda ya tauna, ya tofar. Batariyar na can tsakiya, dole sai an kwashe abin da ke kanta. Muka yi layi, ni a rami ina cika kwano, Yaya na karɓa, mata na juyewa a kan tabarmi da zannuwa. Tsibi ya yi ta tashi a fili. Duk kwanon da na miƙa sai na saci kallon gabas. Gajimaren ya zama bango, ƙasansa baƙi.

Da na kai ƙugu, dawar ta canja a hannuna. Ta dunƙule, ta yi ruwan toka, ga ƙamshin nan da aka faɗa mini, wannan karon ba na maƙwabciya ba ne. Na taɓa tamfol, da ɗumi kamar jikin kaza. Na buɗe gefe a hankali. Murfin ya taso kamar burodi, gefe ɗaya ya rabu, wani abu ya tsiyayo ya bushe a jiki.

"Yaya, a janye yara."

Na ɗaura mata igiya. Muka jingina tsohon ƙyaure a bakin rami, aka ja ta a kai sannu-sannu, ni ina tallafe daga ƙasa, fuskata dab da ita. Muka ɗora ta a kan fallen kwano, muka ja ta ta ƙofar baya har wani fili mai tsakuwa inda ba ciyawa ba danga. Muna sakin igiya iska ta taso.

Ruwan Gadarif ba ya sallama. Kafin mu dawo da gudu ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mata na jan tabarmi zuwa ɗaki, dawa na zubewa a laka. Gwaggo da tsufanta ta kwanta a kan tsibi ta baza zanenta. Muka jefa ƙyaure da kwano a bakin rami, amma ƙasar da muka tara a gefe ta zama magudana, ruwa ya bi ta ƙarƙashi yana shiga. Maƙwabta suka tsallako danga da buhuna da bokitai. Haka aka yi ta kwasa cikin ruwa har aka kai gindin ramin, don wanda laima ta shiga ba ya sake rufuwa.

Kwana huɗu rana ba ta fito sosai ba. Muka baza dawa a kowane ɗaki, ƙarƙashin gado da kan gado, muna juyawa da hannu. Wadda ta jiƙe sosai ta tsiro, wata ta yi funfuna. Wadda ta kewaye batariyar Yaya ya sa aka kai nesa aka binne, ko kaji bai yarda su ci ba. Maƙwabtan da suka taimaka sun ga abin da muke da shi, kuma su ma da baƙinsu. Da suka fara zuwa da ƙwarya, ba wanda Yaya ya iya mayarwa hannu wofi. Da komai ya lafa, abin da ya rage bai kai biyu cikin uku na abin da muka binne ba, shi ma a ɗaki yake, inda ƙwari da ɓera ke da rabonsu.

Masu bindiga ba su shigo garin ba. Batariyar kuma ba ta kama ba. Na kewaye ta da ƙaya, tana can a kan tsakuwa, ruwa ya dake ta, rana ta gasa ta. Ban san ko da mun bar ta a rami da ta tashi ba. Yaya bai taɓa tambayata wannan ba, ni ma ban taɓa tayar da zancen ba.

Abin da ya yi shi ne, ranar da aka ɗinke buhun ƙarshe ya ɗauko mudun gidan ya ajiye a gabana.

"Kai ka sa aka buɗe, kai za ka auna. Gida uku. Ka kai mu sabuwar dawa ta baɗi, don ta bana ba za ta yi komai ba."

Haka kuwa aka yi, abin da muka shuka da hannu bai taka kara ya karya ba. Kowace safiya mata uku su zo da kwanonsu su tsaya, in cika mudu in share bakinsa da gefen hannu. Da rani ya tsaya na mai da abinci sau biyu a yini. Da zafi ya dawo na daina cika mudun har baki, ina tsammanin ba a lura ba, sai babbar 'yar Gwaggo ta ce, "Ɗan'uwa, yatsanka ya fi na jiya shiga." Aka yi dariya, ni ban iya ba. Asida, tuwon dawarmu, ɗanɗanon tsami take yi saboda laimar da ta sha, yara suna ci suna yamutsa fuska.

Damina ta sake zuwa, aka samu ɗan mai, Yaya ya shuka gonar gaba ɗaya. Dawa ta fitar da kai, ta fara ƙosawa, amma da sauran kusan mako uku kafin a sa mata lauje, ranar da na juye buhun ƙarshe na kakkaɓe kusurwoyinsa. Mudu biyu da rabi ya fito. Matan na tsaye da kwanonsu uku.

Na je na sami Yaya na faɗa masa. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce na kakkaɓe har sau biyu. Ya tashi ya ɗauki wuƙa da buhun da ba komai, ya miƙo mini wani.

"Gefen gabas ya fi nuna," ya ce. "Za mu yanko ɗanye a gasa wa yara. Ka ce su haɗa na yau a tukunya ɗaya."